Cibiyata a Saman Bene Mai Hawa Bakwai

Shekaranjiya da hantsi maƙwabciyarmu ta shigo gaisuwa da ledar tanjarin a hannu. Tana zaune tana ɓarewa, tana yayyaga ɓawon gutsi-gutsi, da ta gama sai ta tattara ta watsa a kwata. Wallahi saura kaɗan in riƙe mata hannu. Ba ta yi laifin komai ba, haka kowa ke yi a nan Kano. Ni ce dai na tashi a inda ba a zubar da ɓawon tanjarin. A can tsaga shi ake yi gida uku ba tare da ya rabu ba, a shanya, a zira a zare, a rataye saman murhu ya shekara yana shan hayaƙi. Ƙamshin da ya tashi daga yatsunta shi ya ɗauke ni cak, ya dire ni a saman wani tsohon bene a unguwar Xiaobei, cikin birnin Guangzhou.

A can aka haife ni. In na faɗi haka mutane kan sake kallona, kamar suna neman inda Cainar ta ɓuya a fuskata, to babu, baƙa ce ni wuluk irin Babana. Aikin Baba shi ne ya haɗa wa 'yan kasuwar Kano da na Maraɗi kayan da suka saya, ya cika kwantena, ya tura tashar jiragen ruwa ta Nansha. Muna haya a hawa na shida a wani lungu mai matsi, wanda in ka miƙa hannu ta taga za ka iya karɓar gishiri daga gidan da ke kallonku. Ƙasan benen akwai mai gasa nama, da mai ɗinki ɗan Yamai, da wata mai sayar da katin waya da ta iya cewa "ina kwana" amma ko da magariba haka take gaishe ka. In ka bi lungun nan ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Hausa za ka ji ta ko'ina, ta Kano da ta Nijar da ta Gana, an cakuɗa ta da "lawban" da "meyo", wato maigida da babu.

Ni 'yar fari ce, don haka Umma ba ta cika sake mini fuska ba. Wadda ta raine ni ita ce Kaka, mahaifiyar Umma. An ɗauko ta daga Kano don ta yi wa 'yarta wankan jego, kwana arba'in aka ce, sai arba'in ɗin nan ta zama shekara goma sha uku. Takan je gida ta dawo, Baba na ta fama da takardunta, bai taɓa cewa uffan ba. Mutumin da ke tsawata wa masu lodi goma a lokaci ɗaya, in surukarsa ta yi gyaran murya sai ka ga yana neman inda zai sa idonsa.

Abin da zan ba ka labari ya faru ina da kwana shida a duniya, saboda haka ji na yi, amma na ji shi sau ɗari. Asibiti ba su ba mu mabiyiya ba, Kaka ta yi faɗa har ta gaji. Da cibiyata ta bushe ta faɗi, sai ta naɗe ta a farin ƙyalle ta ce wannan kam ba wanda zai raba ta da ita, sai ta binne ta a gidan da aka haifi yarinya kamar yadda aka yi wa uwarta da kakarta. To a ina? Ta sauka ta duba lungu, siminti. Ta leƙa bayan gida, siminti. Ko ƙasar da za a yi taimama babu. Baba ya ce, cikin ladabi, "Hajiya, da an ajiye har a je gida." Ta ce masa yarinyar da ba a binne cibiyarta ba ƙafarta ba ta zama wuri ɗaya, kuma ita ba ta zo ƙasar mutane don ta raini mai yawo ba.

Washegari tana neman wurin shanya ta hau can saman rufi, sai ga ƙasa. Wata ƙatuwar tukunya ce mai ruwan ƙasa, ta kai ƙugun mutum, da ɗan itacen tanjarin a ciki. Kaka ba ta tsaya tambayar mai shi ba. A wurinta ƙasa ta Allah ce, wa ke da ƙasa? Ta sauko ta ɗauki cokalin miya da buta, ta koma ta yi bisimilla ta fara tono.

Tukunyar kuwa ta mai gidan ce, wata tsohuwa da ke zaune a hawa na bakwai, wadda kowa ke kira Apo, wato kaka a yarensu. Daga ƙauyensu ta zo da itacen, kuma a wurinsu tanjarin itacen sa'a ne, ba a wasa da saiwarsa. Ta fito shanya ta tarar da baƙuwa durƙushe tana haƙar mata arziki da cokali. Umma ta ce daga hawa na shida ta jiyo ihun, ta hau da ƙyar tana dafa bango, ta iske tsofaffi biyu kowace na zazzaga masifa da yaren da ɗayar ba ta jin ko kalma. Da Kaka ta ga abin ba zai ƙare ba, sai ta kwance ƙyallen ta nuna mata, ta nuna cibiyar kanta, ta yi alamar rungumar jariri, ta nuna ƙasa.

Apo ta matso kusa. Ta daɗe tana kallon ɗan abin nan baƙi kamar busasshen dabino. Daga nan ta karɓe cokalin daga hannun Kaka, ta ture ta gefe, ta sake wani ramin a ɗaya ɓangaren inda ba zai taɓa saiwa ba, ta zurfafa shi sosai. Sai da na girma na iya yarensu ta gaya mini dalili. Ta ce a ƙauyensu ma haka ake yi, tata cibiyar na binne a gindin wani ice a bayan ɗakin uwarta, kuma tun da ta zo birni ba ta ga wanda ya damu da wannan ba sai baƙar tsohuwar nan mai faɗa.

Tun daga ranar suka ƙulle. Shekara goma sha uku suna tare, Kaka ba ta koyi abin da ya wuce kalma biyar ba, Apo kuwa "to" da "kai!" kaɗai ta iya, amma sai su wuni a saman rufi suna hira. Kowace na yin tata, ɗayar na gyaɗa kai a daidai inda ya kamata. Da na fara wayo na ce zan riƙa yi musu tafinta, Kaka ta ce, "Wa ya aike ki, 'yar Caina? Da can da ba ki, da wa muke ji?" Haka take kirana, 'yar Caina, ni kuma in ce mata tsohuwa mai satar ƙasar mutane.

Apo na da ciwon gwiwa, hawa bakwai kuma ba lifta, don haka tana da wani kwando da igiya mai tsawo. Ta bayan benen take zura shi, ɓangaren da ke kallon titi, mai kayan miya ya zuba mata ganye ta janye. Da Kaka ta ga haka sai kwandon ya sami aiki na biyu. In ya zo wucewa ta tagarmu sai ta tare shi ta sa ƙosai ko ɗan kwanon dambu, in ya sauko kuma mu tarar da dafaffiyar gyaɗa ko lemo. Apo ta sayi sabuwar tukunya musamman dominmu, ta ɗaura mata jan zare a hannu don kada ta taɓa haɗuwa da naman da ba ma ci. Ba wanda ya gaya mata ta yi hakan.

Ni kuwa itacen ya zama nawa. Kullum bayan sallar asuba Kaka kan cika butarta ta alwala, wata shuɗiya mai zanen fari, ta ce in je in ba cibiyata ruwa. Da shi na san shekara. In bangon ɗaki ya fara gumi, madubi ya yi hazo, wanki ya kwana uku bai bushe ba, to itacen zai yi fure fari, ƙamshinsa har matakala. In zafi ya tsananta aka ce guguwa na tafe daga teku, mu ukun za mu hau mu ɗaure shi da igiya a jikin tankin ruwa, Kaka na salati, Apo na kiran nata abin bautar. In iska ta juya ta bushe, leɓe ya fara tsagewa, 'ya'yan sun nuna ke nan. Apo ta zaunar da ni ta koya mini tsaga ɓawon gida uku, in na raba shi ta buge mini hannu da tsinken cin abinci. Na kowace shekara zarensa daban, kuma wanda ya fi daɗewa ya fi daraja. Da shi take mana maganin tari. Kaka ta fara jefa shi a kunun tsamiya, ta ce ita ta gano, har ta rasu ba ta yarda koya ta yi ba.

A makaranta nakan sha tambaya. Yara su taɓa gashina, su murza fatata su duba yatsa ko ta zuba. Wata rana wata ta ce in koma garinmu. Na ce mata a nan aka binne cibiyata, in tana musu ta zo in nuna mata wurin, ita ta nuna mini nata. Ranar na dawo gida ina tafiya kamar 'yar mai unguwa. Ka ga amfanin tukunyar nan a wurina. Takardunmu na baƙi ne, duk shekara sai an sabunta, amma ni ban taɓa jin ni baƙuwa ba ce, don ina da shaidar da ba a buga mata hatimi.

Ranar Juma'a abokan Baba kan taru a falonmu cin tuwo. Cikinsu akwai wani dattijo da muke kira Baffa, wanda ya yi shekaru yana tuƙa tasi a Amurka kafin ya dawo harkar kaya. Shi ya taɓa ba da labarin wasu garuruwa a can inda a da ake kafa allo a bakin gari, cewa baƙar fata kada ya bari rana ta faɗi yana ciki. Ka shigo da safe ka yi musu shara da girki, kafin magariba ka kama gabanka. Ya ce wasu garuruwan ma da baƙaƙen a cikinsu, da gidajensu da gonakinsu, aka tashe su rana ɗaya, yau in ka je sai a rantse maka ba su taɓa zama a wurin ba.

Kaka na bakin ƙofar kicin da mara a hannu. Ba ta saba sa baki a hirar maza ba, amma ranar ta ce, "To kaburburansu fa, Alhaji?"

Baffa ya ce, "Suna nan, Hajiya. Ciyawa ta rufe, amma suna nan. Da su jikokin ke gane wurin."

Ni lokacin ina ta lasar miyar kuka, na ɗauki labarin kamar tatsuniya. Amurka ai da nisa.

Abin bai zo mana rana ɗaya ba. Da farko aka tashi masu gasa nama daga bakin lungu, aka ce tsafta ake yi. Sai mai ɗinki ya ce an ƙi sabunta masa haya, ya koma bayan gari. Sai masu duba takardu suka riƙa zuwa sau biyu a wata maimakon sau ɗaya a shekara. Tuwon Juma'a da ake tuƙa tukunya biyu ya koma ɗaya, ita ma tana kwana. Kowa ya tafi sai a ce ai kasuwa ce ta ja baya, mu kuma mu yarda, don yarda ta fi sauƙi.

Sai shekarar annoba ta zo. Ina da shekara goma sha uku, itacen na cikin fure. Magana ta bazu a gari cewa baƙaƙe ne ke ɗauke da cutar, mu da rabonmu da filin jirgi an fi shekara. Aka zo aka gwada mu har sau biyu, ba a sami komai ba. Duk da haka shagon da nake sayen burodi tun ina tatata, mai shi ya tare ƙofa da hannu ya ce mini "meyo", alhali ga burodin nan jere a bayansa. Na tsaya na zazzage shi da yarensa tas, irin zagin da Apo ke yi wa mai kayan miya, na dawo gida ina kuka.

Wata Talata da safe aka buga ƙofa. Ɗan Apo ne, wanda shi ke kula da hayar gidan, tare da wasu mutum biyu masu jan ƙyalle ɗaure a damtse, alamar masu kula da unguwa. Mutumin nan ya sha ɗora ni a wuya in kalli rawar zaki a bikin sabuwar shekararsu, amma ranar takalminsa yake kallo. Ya ce an ba shi umarni, duk baƙar fatar da ke lungun ya tashi, kafin ƙarfe shida na yamma a ba shi makulli. Baba ya fito da takardun gwaji, da na zama, da na haya, ya jera su a hannu. Ba wanda ya karɓa ya duba. Ni ce na yi tafinta, da bakina na gaya wa mahaifina an kore shi. Da suka juya, Baba ya dubi agogo, ya ce a hankali, "Ashe labarin Baffa ne ya iso."

Ba zan cika ka da labarin haɗa kaya ba. Zaman iyayena na shekara goma sha biyar ba ya shiga akwati shida, abin da ya shiga ya shiga. Ni hankalina na kan abu ɗaya. Da azahar na ja Baba da masu ɗaukar kaya biyu zuwa saman rufi na ce a sauke mini tukunyata. Suka kama, suka yi nishi, ko motsi. Da aka duba sai aka ga saiwar ta fasa gindin tukunyar tun tuni, ta bi tsagar siminti ta shige jikin ginin. Baba ya ce, "Ki yi haƙuri, uwata. Sai dai a fasa rufin."

Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba. Na sauka kicin na zaro wuƙar yankan nama daga cikin kayan da aka ɗaure, na koma sama. Niyyata in sare itacen, in tone ƙasar, in kwashe abina. In dai ba a so na, to ba wanda zai sha inuwata, ba wanda zai sake jin ƙamshin furena. Na ɗaga wuƙar ke nan na ji an damƙe mini wuyan hannu. Ban san Kaka na da ƙarfi haka ba.

Ta ce, "Ajiye."

Na ce, "Kaka, korarmu fa suka yi!"

Ta ce, "Na sani, ina wurin. Su suka kore ki, wannan aikinsu ne, su za su amsa shi. Amma in kika tone da hannunki, kin taya su. Gobe in an ce ba a taɓa haihuwar baƙar yarinya a gidan nan ba, me za ki nuna?"

Na saki wuƙar na zauna a ƙasa ina gunji. Sai a sannan na lura Apo na tsaye a bakin matakala, takunkumin fuskarta ya jiƙe sharkaf. Ɗanta ya hana ta saukowa wurinmu tun safe, sai da ta ji hayaniya ta fito. Na gode da ba ta ba ni haƙuri ba, don da ta ba ni a lokacin da na faɗa mata abin da zan yi nadama. Kaka ta ɗauki shuɗiyar butar nan da ke gindin tanki, ta cika ta da ruwa, ta je ta damƙa mata a hannu biyu. Ta nuna itacen, ta nuna ni, ta ce da Hausa, "Amana." Apo ta rungume butar a ƙirji ta ce, "To."

Biyar da rabi muka fita daga lungun. Ba mu kaɗai ba, ga mutane nan da akwatuna a bakin titi, waɗanda na sani da waɗanda ban sani ba, duk kalarmu ɗaya. Tagogi a rufe, amma ana ganin labule na motsi. Masauki uku muka je ana ce mana ba ɗaki. A ƙarshe sitonsa Baba ya kai mu can bayan gari, muka shimfiɗa kwali tsakanin dilolin atamfa, muka yi sati shida. Ba zan ɓoye alheri ba, akwai 'yan Caina da suka riƙa kawo wa mutanenmu abinci da barguna a ɓoye, direban Baba ma kullum sai ya zo da shinkafa. Daga baya aka ce an sassauta, amma Umma ta ce ita ta gama. Da hanya ta buɗe muka taho gida.

A Kano na zama 'yar Caina ta gaske. Hausata na da wani lanƙwasa da ke ba 'yan ajinmu dariya, ga shi ban san hanyar ko'ina ba. Kaka ce kaɗai ke gane in na yi shiru ina nake. Takan ce, "An yi fure yanzu," ko "Yanzu tsohuwar nan na can tana ɓare mana lemo." Shekara uku da dawowarmu ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba. Ana saura kwana biyu ta cire ɗankwalin da ta fi so, wani mai ruwan goro da ta daɗe tana ɗaurawa, ta ce in Allah ya sa na koma in kai wa ƙawarta. Ina kewar Kaka har yau, ba ranar da ba na jin muryarta tana ce mini in tashi in ba cibiyata ruwa.

Bara Allah ya yi. Wasu mata 'yan kasuwa suka ɗauke ni in yi musu tafinta, muka sauka a wani otal a unguwar Tianhe. Ranar da suka huta na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa na sauka a Xiaobei, ƙafata ta kai ni ba tare da na tambayi kowa ba. Manyan shagunan suna nan, har da mutanenmu jefi-jefi suna ciniki. Lungunmu ne ban gane ba. An yi fenti, an kafa ƙofar ƙarfe da na'ura mai duba fuska, an jera furanni inda mai nama yake. Na gaishe da mai gadin da yaren garin, har ya ɗago da murmushi, da ya ga fuskata murmushin ya tsaya. Na ce na zo gaida tsohuwar hawa na bakwai, a gidan aka haife ni. Ya ce shi shekararsa huɗu a nan, baƙi irina ba su taɓa zama a lungun nan ba, kuma ba a shiga sai mai rajista. Yaro ne, ban ma ji haushinsa sosai ba. Abin da ya tarar ya faɗa.

Na zagaya ta baya, ɓangaren titi, na ɗaga kai. Ga shi can. Ya yi tsawo har ya wuce tankin ruwa, rassan sun leƙo ta kan katanga, da 'ya'ya jajaye a jiki. A kan katangar kuma ga wani abu shuɗi da rana ta ci kalarsa. Na manta da shekaruna, na manta da mutanen da ke wucewa, na buɗe murya kamar 'yar shekara bakwai na ƙwala, "Apo! Apo!"

Na kira ya fi sau goma. Har na fara cewa a raina na makara, sai wani ɗan farin kai ya leƙo. Ta daɗe tana kallona. Sai kan ya ɓace. Ina tsaye ban san abin yi ba, can sai ga kwando na saukowa a hankali, yana karo da bango, igiyar duk ƙulli inda ta tsinke aka ɗaura. Da ya iso na duba. Zare biyar ne na ɓawon tanjarin, kowanne an tsaga shi gida uku, na farko ya yi baƙi, na ƙarshe bai gama bushewa ba. Ba ta tsallake shekara ko ɗaya ba.

Ta leƙo ta yi alamar ɗaura ɗankwali a kanta, ta buɗe hannu tana tambaya. Na iya yarenta sarai, amma hawa bakwai ya yi nisa da irin wannan magana. Na ciro ɗankwalin Kaka daga jaka, na ninke, na sa a kwandon, na ja igiyar sau biyu kamar yadda muke yi. Na bi shi da ido har ya kai. Ta ɗauka, ta kai hanci, sai na ga ta zauna, kan ya ɓace a bayan katanga. Na jira har aka kira ni a waya. Kafin in tafi hannunta ya fito riƙe da butar, ta karkata ta a kan itacen don in gani.

Yanzu zaren huɗu da rabi suka rage, suna rataye a kicin ɗin Umma, ba mai taɓawa sai ni. In tari ya kama wani a gidan nakan ɓalli kaɗan, ina yi ina jin rowa. Apo ta haura tamanin, ban san wanda zai ɗauki butar bayanta ba, ban kuma san ranar da za a ce tsohon benen ya isa rushewa ba. Mutane a nan in suna son su ce ga asalin mutum sai su ce can aka binne cibiyarsa, yawancinsu kuwa da za ka ce su nuna wurin ba za su iya ba, an yi gini a kai ko an sayar. Ni na san nawa, na san lungun, na san hawan, na san ɓangaren tukunyar da aka haƙa. Ana ba shi ruwa kowace safiya. Ni ce kawai ba a bari in shiga.